Hannun Zulai

Da hantsi Lawali ya iso Gwandu daga Kalgo, ya tarar da kakarsa Zulai a bayan ɗaki, gaban tukunyar rinin baba wadda ta girme shi. Gidan shiru, ko kaji ba sa tono.

"Lafiya lau, mijin banza," in ji ta. "Wata huɗu ba cefane, yau ka zo mini da leda."

"Ashe kina nan, tsohuwa. Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Ka ɗan yi sammako ne."

Ya zaro farin gyale na siliki daga ledar. "Na amaryata Rahama ne. Shuɗi nake so, irin naki, ba na kanti ba. Ke kuma na sallame ki."

"Wa ya aure ka balle ka sake shi? Kai da na goya kana tsula mini fitsari. Yarinyar tana gani kuwa?"

"Ta fi ki haƙora."

"Tsohuwar zuma ake magani da ita. Miƙo. Siliki ba ya son gaggawa, tsomi bakwai zai sha."

Ta jiƙa gyalen, ta ture kumfar da ke saman tukunyar, ta nutsa shi har hannunta ya shige zuwa gwiwa. Ya fito kore, iska ta taɓa shi, ya soma juyewa shuɗi. A tsomi na uku ne Lawali ya lura. Tun da ya yi wayo ya san hannun nan baƙi-shuɗi har farce, yana ƙarami ma ƙin cin tuwonta yake yi saboda shi. Yau hannun ya fito fes, ruwan rinin yana zamewa kamar a ganyen gwaza.

"Wane sabulu kika samu? Ko sabon miji ake wa kwalliya?"

"Ba sabulu. Baba ne ya daina kama ni. Kwana tara ke nan."

"Tukunyarki ce ta mutu."

"Dubi gyalen."

Ya duba. Shuɗin har ƙyalli yake yi.

"Innata ma haka ya yi mata, can Kambaza," in ji ta a hankali.

"Sai me?"

"Sai ta huta. Jinjirin wata ɗaya ta ƙara gani." Ta sake tsomawa. "Yaushe ka ce bikin?"

"Wata biyu nan gaba."

"To. Allah ya kai mai rai."

"Camfi ne, Kaka. Rai na hannun Allah."

"Awo. Ni ma ban ce komai ba. Sai dai wa zai yi wa amaryar buɗar kai? Na so in ga wadda ta kwashi ragowata."

Lawali ya yi dariyar yaƙe. "Kin ci, tsohuwa. Yau zan ga Kawu. Juma'a ta sama za a ɗaura. Ki nemi zanen fita kunya."

"Ka ga ɗan halak. Ungo, shanya ya sha iska kafin sauran tsomin. Na yafe ladan rinin, gudummawata ke nan."

Ya karɓi gyalen a jiƙe. Kafin ya kai igiya, yatsunsa sun rine.