Yadda Za Ka Gyara Tsohuwar Kwamfutar Surukinka Alhali Ba Ka Iya Ba

Kai mai karatu, kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari surukinka zai riƙa kiranka Injiniya a gaban baƙi, ko da kuwa ƙwan fitila bai taɓa kamawa a hannunka ba. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, mijin Auta, wanda sana'arsa sayar da labule ce. Shi ne abin misalinmu. Inda ya yi daidai ka bi shi, inda ya kauce zan ɗaga maka hannu.

Mataki na 1: Cika bakin da ya fi ƙarfinka

Baba, surukin mijin Auta, tsohon mai buga takardu ne a wani ofis, ya daɗe da yin ritaya. Maza biyu ke auren 'ya'yansa. Babban cikinsu likita ne, kuma Baba kan kira shi "Likita" da cikakken baki. Ƙaramin kuwa "mijin Auta" ne kawai, kamar ba a raɗa masa suna ba. Abin nan ya yi shekaru yana ci masa rai.

Baba na da wata kwamfuta da ta girmi Auta. Akwati ce shimfiɗaɗɗiya wadda tsufa ya mayar ruwan ɗorawa, ga allonta a gefe mai ƙatuwar ƙeya. Da ita yake buga karta kullum da yamma. Ran nan ta yi ƙara ƙit, ta mutu. Da iyali suka taru Baba ya kawo kukansa, Likita ya ce a sayo sabuwa, Baba ya yi kamar bai ji ba.

Irin wannan damar za ka jira. Mijin Auta ya gyara murya ya ce, "Ai wannan ƙaramin aiki ne, Baba."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Ikon Allah! Ashe muna da Injiniya a gidan nan?"

Daɗi ya kashe mijin Auta har bai ga hararar da matarsa ta watso masa ba. Daga yau aikinka ɗaya ne, kada sunan nan ya suɓuce maka.

Mataki na 2: Kada ka yarda a buɗe ta a gaban mai ita

Ranar Asabar mijin Auta ya je ya tarar Baba ya jera kujeru biyu a gaban teburin. Ga gwangwanin sukudireba, ga tsumma, ga kofin shayi biyu suna tururi.

"Zauna, Injiniya, mu duba ta tare. Ni zan riƙe maka tocila."

Hattara, tarko ne. Wanda ya riƙe maka tocila zai gane ba ka iya ba. Yi abin da mijin Auta ya yi: ka shafa akwatin, ka kara kunnenka a jikinta, ka ce, "Baba, wannan sai a wurin aikina, can kayan awo suke." Kada ka faɗi cewa wurin aikin tabarmar falonka ce. Sunkuce ta ka fita da sauri, kada ka waiwaya ka kalli shayin.

Mataki na 3: Buɗe ta, ka girgiza kai

Kwance notunan ka zuba su a murfin kwalba. Wasu za su ɓata, kada ka damu, masu ƙera ta sun sa su da yawa ne saboda irinka.

A ciki za ka tarar da ƙura mai kauri kamar bargo, da fankar da gashin kyanwa ya shaƙe, da wani ƙaramin batir da ya fashe ya yi wa wani koren allo da ke cikinta amai fari. Za ka kuma ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaye, kawunansu sun kumbura. Sunansu kafasita. Haddace kalmar, ita ce jarinka.

Auta ta leƙo ta kafaɗarsa. "To Injiniya, me ke damunta?"

"Kafasita ne."

"Mene ne shi?"

"Ke dai je ki. Ba a yi wa mai aiki magana."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce. "Rediyona dai na nan inda ka bar shi bara."

Mace irin wannan ba a biye mata.

Mataki na 4: Ja lokaci

Gyaran da aka gama da wuri ba ya da daraja. In Baba ya bugo waya, ka ce kana jiran kaya daga waje. Kada ka faɗi wane waje, ƙofar gida ma waje ce. Mijin Auta ya ari ƙarfen narka dalma, ya ƙona yatsa, ya huda tabarma, ya manna wayoyi biyu da ba su taɓa gaisawa ba. Da ya jona wuta sai hayaƙi ya tashi siriri mai warin roba. In ka ga hayaƙi ka gode Allah, alama ce wuta na shiga.

Mataki na 5: Kwashe kayan cikinta

Yanzu ka iso sirrin sana'ar. Abin da ba ka iya gyarawa, ɓoye shi.

Je wurin mai gyaran wayoyi a kasuwar da ba a san ka ba. Zai haɗa ka da wata 'yar kwamfutar zamani da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ya zuba mata kartar Baba, ya ɗaure ta a cikin tsohuwar akwatin, ya jona ta da tsohon allon nan mai ƙatuwar ƙeya. Tsofaffin kayan kuwa ka tattara su a buhu ka tura ƙarƙashin gado, can ciki inda tsintsiya ba ta kaiwa. Tsintsiyar Auta ta kai, ta dai mayar da buhun ta ɗan jawo bakinsa waje yadda zai riƙa taɓa masa ƙafa kowace safiya.

Mataki na 6: Ƙara da kwalliya

A shafa wa akwatin ruwan bilicin a shanya ta a rana, za ta koma fes kamar haƙorin yaro. A kusurwar hagu akwai wani zagayen tabo baƙi-baƙi wanda ya ƙi fita. Mijin Auta ya sa soson ƙarfe ya dirje shi har ya ɓace, ya ja baya yana yaba kansa. Aiki in za ka yi, yi shi da kyau.

Mataki na 7: Mayar da ita a gaban shaidu

Zaɓi ranar da Likita yake nan. Mijin Auta ya ajiye ta, ya jona, ya ce, "Baba, bismilla."

Baba ya danna maɓalli ya miƙe zai ɗora ruwan shayi, don shekara da shekaru kafin ta gama tari da gurnani ta farka, ruwansa ya tafasa. Bai kai ƙofa ba karta ta bayyana a allo. Shiru, ba tari, ba gurnani. Likita da kansa ya tafa. Mijin Auta ya ji kamar ya ƙara tsawo.

Da a nan aka tashi, da an gama lafiya. Sai ga kyanwar Baba ta shigo. Ta yi tsalle ta hau akwatin kamar yadda ta saba, ta juya, ta kwanta, ta miƙe zumbur. Ta sunsuna, ta kalli mijin Auta ido cikin ido, ta sauka ta fice.

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin. Sanyi ƙalau. Ya lalubi kusurwar hagu, inda yakan ajiye kofinsa don ɗumin injin ya riƙe masa shayi, bai sami tabon ba. Ya ɗan ɗaga ta ya ji ba nauyi.

"Ta yi sauri," ya ce a hankali. "An gode, mijin Auta."

Sunan ya tafi ke nan, ba faɗa, ba tonon asiri. Mijin Auta ya sunkuyar da kai don kunya, sai idonsa ya faɗa kan kujeru biyun nan. Suna inda ya bar su, gwangwanin sukudireba na kan ta biyun.

Darasi: kafin ka kai aiki, a kulle kyanwa.

Mataki na 8: Kada ka yi abin da ya yi daga nan

Mai hankali zai dage a kan cewa sabon kafasita ba ya zafi. Mijin Auta kuwa ya watsa mini ƙasa a ido. Asabar ta gaba ya jawo buhun ya kai gaban Baba ya zazzage.

"Baba, ga kayan cikinta. Wallahi ban iya ba. Labule na iya."

Baba ya tsince allon da ya ƙone, ya juya shi, ya yi dariya har da tari. "Ni ma ban iya ba. Ka ji na ce maka na iya? Tocila na ce zan riƙe. Zauna, shayinka zai huce."

Tun daga ranar kowace Asabar suna can. Sun cire sabuwar sun mayar da tsofaffin kayan, sun kankare aman batir da tsohon buroshin haƙori, sun canza kafasita, sun sa ɗaya a juye ya fashe musu a fuska. Har yau ba ta nuna karta ba. Fanka dai ta fara juyawa, akwatin na ɗaukar ɗumi, kyanwa ta dawo, wani sabon tabo ya fara fitowa a kusurwar hagu, ga wani ƙarami kusa da shi.

Sunan Injiniya bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Kwanan baya Likita ya zo gaisuwa ranar Asabar, Baba ya leƙo da tocila a hannu ya ce, "Likita, ɗan jira a falo, ni da ɗana muna aiki." Ka ga asara, mutum ya tashi daga Injiniya ya koma ɗa.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da alhakin ƙonewar yatsa, hudar tabarma, ɓatan noti ko hararar matar gida. Wanda kyanwa ta tona wa asiri ya je su sasanta da kyanwar. Wanda kuma ya tsinci kansa a kujera ta biyu, ya rasa Asabar ɗinsa har abada yana shan shayi mai ɗumi, shi ya jawo wa kansa. Ni dai na ce kada ya zauna.