Yadda Ake Adawa da Babban Kanti Har a Gama Gina Shi

Wani kamfani ya kafa turaku a filin da ke tsakanin unguwannin Nima da Maamobi, zai gina kanti irin na Turawa. Matan da ke sana'a a filin sun rasa inda za su sa kansu. Kana so ka yi suna a wannan gwagwarmaya ba tare da ka hana komai ba? Bi hanyar nan, na ba ka tabbaci ba za ta ba ka kunya ba.

1. Zama ciyaman na 'yan adawa

Riga kowa ihu bayan sallar Juma'a. Bugi ƙirji ka ce sai dai a yi ginin a kan gawarka. Kwantar da hankalinka, ba mai zuwa neman ta.

2. Shirya wurin zama

Tara manyan Dagomba, Zabarmawa, Mosi da Hausawa, ka tambaye su wa zai zauna a gaba. Wannan kaɗai zai kai ku damina.

3. Riƙe maganar kwalba

Ƙasar ta 'yan ƙabilar Ga ce, ku baƙi ne, kuma ba a kai wa dattijonsu mai ƙasa kuka hannu rabbana. Al'adarsu a je da kwalbar giya. Madalla! Kai maganar gaban malamai. Ya halatta Musulmi ya ɗauka? In an naɗe ta a tsumma fa? In ɗan dako aka ba wa, zunubin na wa? Kada ka bari a yi tunanin roƙon dattijon ya karɓi goro ko rago. Kamfani dai tuni ya kai tasa.

4. Toshe bakin Memunatu

Ita ce mai shinkafa da wake a gindin bishiyar filin, da tukunyar nan take ciyar da marayunta. Za ta tare ka ta ce, "Ciyaman, ku ba ni kwalaban, ni za ni kai shi. Zunubin ya hau kaina, yarana su ci." Ka ce mata maganar manya ce. Sannan ka miƙa kwanonka, ka ce ta ƙara yaji.

5. Je majalisar gari

Amma sai an zuba siminti. Sa babbar riga. Akawu zai ce lokacin ƙorafi ya wuce. Girgiza kai, ka dawo ka sanar da jama'a cewa ƙaddara ce.

6. Karɓi ladanka

Kamfani na son mutumin da unguwa ke jin maganarsa, don gadin ƙofa. Sa kakinka. Aikinka na farko shi ne korar masu tukwane daga bakin kanti.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai biyo baya. Musamman ranar da Memunatu za ta ɗora tukunya a ka za ta shataletalen Circle neman gefen titi, ta tsaya ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce, "Ciyaman, ashe kana da rai? Na ga gini, ban ga gawa ba." Amsar wannan ba ta cikin darasina.