Zabarmancin Bayan Katanga

Ba zan taɓa mantawa ba da irin Zabarmancin da na kwasa ta bayan katanga, da inda na je na juye shi.

Ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Kebbi ba aka dawo da ni aiki Birnin Kebbi, na kamu da son Hamsatu, wata Bazabarma 'yar Argungu. Babanta ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya ko gaishe shi da harshensu ba. Wani abokina malamin makaranta ya ce in daina tsintar kalmomi ɗai-ɗai, in riƙa ɗaukar magana a dunƙule yadda masu ita ke faɗinta, ta haka baki ke sakewa.

Na yi sa'a (a ganina), maƙwabtana a unguwar Nasarawa Zabarmawa ne. Kullum maigidan ya yi sallama, sai matarsa ta tarbe shi da wata doguwar magana mai daɗin sauti. Na ce lalle haka ake yi wa manya maraba. Na haddace ta tsaf, har da inda take jan numfashi. Ban tambayi kowa ma'anarta ba, don ina so in ba Hamsatu mamaki.

Na kuwa ba ta. Ina zaune a zaurensu, ta kawo mini ruwa ke nan, sai ga tsohon ya dawo daga gonar shinkafa. Na durƙusa, na zuba masa haddata ba gargada. Ya yi shiru. Na ɗauka bai ji ba ne, na maimaita da ƙarfi.

Hamsatu ta dafe kai. "Ka san abin da kac ce ma Baba? Cewa ka yi, sai yanzu ka ga damar dawowa, tsohon banza? Yawon mi ka tsaya?"

Na tabbata aure ya sha ruwa. Ina lalubar takalmina sai muka ji dariyar innarta daga cikin gida: "Ku bar shi. Tun da anka kawo ni gidanga nike son in hwaɗa mai haka."

Tsohon ya daɗe yana dubana. "Ko kuskure guda babu. Wa yak koya maka?"

"Maƙwabciyata, Baba."

"Allah shi ba mijinta haƙuri."

Ya ba ni Hamsatu, bisa sharaɗin kada in sake yi masa Zabarmanci. Shawarar abokina na nan daram, ban musa ba. Amma yanzu kafin in haddace magana, sai na fara duba fuskar wanda aka faɗa wa.