Tsaya-Tukuna da Ƙofar Gidan Inna

Ba kowace unguwa Allah ke ba mutum irin Idon Duniya ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kafa shi a saman shafinsa na intanet, ya ƙara a ƙasa: "Matafiyi, masanin haske." Da rana fenti yake sayarwa a shagon wansa, amma wannan, in ji shi, rufin asiri ne kawai kafin duniya ta farga da shi. A gida kuwa Tsaya-Tukuna ake ce masa, domin ba a isa a kai loma baki ko a shiga mota ba sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya tukuna ya ɗauki hoto, haske ya yi kyau.

Mabiyansa ba za su cika motar haya biyu ba, rabinsu kuma dangi ne da suka bi shi don kunya. Gwanin ya yi dogon nazari, ya gano inda matsalar take: jama'a. Manyan masu hoton tafiye-tafiye, in ka duba, titunansu fes suke, ba mai tura baro, ba mai shanya. Sai ya sauke wata manhaja mai goge mutane. Ka dangwala yatsa a kan bawan Allah, ya ɓace, bango ya maye gurbinsa. Ya goge direbobi, ya goge 'yan talla, har ya taɓa goge ɗan sandan hanya ya bar farar safar hannunsa tana tsayar da motoci ita kaɗai.

"Ku ɗauka kuke yi, ni ragewa nake yi," haka yake gaya wa masu zuwa sayen farin fenti. "Mutum ƙazantar hoto ne. Cire shi, ka ga yadda wuri zai yi numfashi."

Ana cikin haka tafiya ta taso. Ummansa za ta je wani gari mai nisa sallama da yayarta, wadda yaran gidan ke kira Inna, don ɗanta zai ɗauke ta zuwa ƙasar waje ta zauna a wurinsa. Dukansu sun tsufa, kuma kowace ta san ba lallai su sake ganawa ba. Ba su da hoto tare ko guda. Umma ta ce, "Abu ɗaya nake so a wurinka, ɗan nan. Ni da Yaya, a wanko mini in rataya a ɗaki."

"Umma, kin faɗo hannun masu abin," in ji shi, ya kuma riga ta zama a bakin tagar mota, saboda aiki.

Da suka isa, tsofaffin suka rungume juna suna kuka. Shi ma idonsa ya ciko, sai dai ƙofar gidan yake kallo: tsohuwa, shuɗiya, fentin ya ɓaɓɓare, ƙusoshi sun yi tsatsa. Ya zaunar da su a benci a gefenta, hannunsu cikin na juna.

"Umma, ɗan matsa hagu, kina tare mini sakata. Inna, a rage dariya, kina girgiza bencin. Yauwa. Ku tsaya tukuna!"

A hanyar dawowa ya duƙufa gyara. Hotuna sun yi yawa, yatsa kuma ya saba da aikinsa: nan dangwala, can dangwala. Ya ajiye gyararrun, ya share na asali har daga kwandon sharar waya, domin ƙwararre ba ya tara shara. Ya ɗora ƙofar a shafinsa da taken "Shirun tsohon gari." Wani baƙo da ba dangi ba ya rubuta, "Ta yi kyau." Ranar ko gaisuwar maƙwabta da ka ya amsa.

Bayan jirgin Inna ya tashi, Umma ta kira shi ɗakinta. Ta riga ta sa an buga ƙusa a bango.

Ya buɗe waya da isa. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Ga ƙofa, ga benci, ga inuwa biyu a ƙasa sun jingina da juna, ga kan sandar Inna tsaye ba mai riƙe da ita. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, amma bakin da ya saba bai iya yin shiru ba.

"Umma, a wajen masana, wannan shi ake kira… wato, in mutum ba ya cikin hoto, ya fi kasancewa a ciki."

Umma ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da fuska, ta daɗe tana kallon inuwoyin. Ranta ya sosu ƙwarai. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa masa abarsa.

"To, madalla. Je ka wanko mini ƙofar, a yi ta babba. In na yi kewar Yaya, sai in tashi in ƙwanƙwasa."