Motar da Ta Yi Daidai da Tsoho

"Lafiya lau na kwana, tunda ba girkinki na ci ba," in ji tsohon. Yana zaune a bakin gado, ya riga ya sa hula. "Ke fa, Amarya? Har yanzu ba wanda ya taya?"

"Wa zai taya, ana ganin ka jingine a ƙofar gida kamar buhun da aka manta? Ina zuwa haka da sassafe?"

"Sayen mota."

Jikarsa ta ajiye ledar magani a kan tebur ta dube shi. Malamar firamare ce, kuma tun rasuwar mahaifinta ita kaɗai ta rage wa kakan nata a kusa. Shi kafinta ne a da, gadon da yake zaune a kai ma aikin hannunsa ne. Tun tana rarrafe yake kiran ta Amarya, ita kuma ba ta taɓa kiran sa da wani suna ba sai Tsoho. Yau ƙafafunsa sun kumbura fiye da na jiya. Ta lura ya tsaga saman silifas ɗinsa da wuƙa don ƙafar ta shiga.

Ƙoda ce ta gaza masa, sai an riƙa kai shi asibiti ana wanke masa jini. A zuwansu na baya, da suka fito, sun daɗe a bakin titi cikin rana suna jiran tasi, har ya yanke jiki ya faɗi. Ta tallafo kansa da hannu ɗaya tana ɗaga wa motoci ɗayan. Direbobi suka riƙa rage gudu, su leƙo su ga aman da ke gaban rigarsa, su ƙara wuta. A ranar ta yanke shawara. Ta sayar da ɗan filin da mahaifinta ya bar mata, kuma ta san in ta kuskure ta sayi ruɓaɓɓiyar mota, ba ta da wani filin da za ta sake sayarwa.

Ta ce masa ba inda za shi, ya kwanta ya ɗora ƙafa a kan matashi kamar yadda likita ya ce. Ya ce ai ba a taɓa yin mijin da zai bar matarsa ta shiga hannun dillalai ita kaɗai ba, injin niƙa za su sa wa taya su sayar mata.

"Kai me ka sani a mota? Keke ma sai da ya zubar da kai a kwata."

"Hanya ce ta kauce, ba ni ba. Ni da na taɓa tuƙa babbar mota da baya tun daga kasuwar katako har ƙofar shago, ina gyangyaɗi."

"Wa ya gani?"

"Duk sun mutu."

"Allah ya ji ƙansu, sun huta da ƙarya."

Ta yi ta fama da shi, ya ƙi. Da ta ga har ya miƙe yana laluben sanda, sai ta kama shi ta hannun dama, don na hagun nan ake soka masa allurar wankin, ba a so a matsa shi. Suka fita a hankali.

Wurin sayar da motocin fili ne da aka kewaye da waya, ƙasarsa ta yi baƙi da tsohon mai. An jera motoci an wanke su suna ta ƙyalli. Dillalin, wani kakkauran mutum da tarin makullai a hannu, ya gane ta, don ta taɓa zuwa da bakanike. Bakaniken ya ce mata ta rabu da masu shan dizal, tunda zirga-zirgarta ta cikin gari ce kuma gyaransu da tsada. Ya ce ta nemi mai fetur wadda kowane gareji ya san cikinta, wadda za a samu kayan gyaranta a shagon bakin hanya, kuma kada yawan maɓallai ya ruɗe ta. Ya shiga ƙarƙashin motoci ya fito, ya saurari inji, a ƙarshe ya ware mata guda biyu ya ce kowacce ta ɗauka ba za ta yi kuka ba.

Tsoho bai ko kalli inda ta nuna masa ba. Ya nufi wata baƙar mota doguwa mai kujerun fata, ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan yatsa kamar mai gwada katako.

"Ga motar ango."

"Angon da sai an ɗaga masa ƙafa zai shiga?"

"Manyan mutane duk haka ake musu."

Dillali ya ga kasuwa, ya matso yana cewa Baba ya san abu mai kyau, wannan wata baiwar Allah ce ta riƙe ta, daga gida sai ofis. Malama ta ce ya tayar da ita. Sai da ya murɗa makulli ya sake murɗawa kafin ta kama, salansa ta feso shuɗin hayaƙi. Ta sa ya buɗe bonet, ta zaro ƙarfen gwada baƙin mai ta shafa a yatsa ta nuna wa kakan nata: ya yi kauri, ya yi fari-fari, alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba.

"Ka ji tarinta? Irin naka ne na asuba."

"Shi ya sa muka fahimci juna."

"Marar lafiya ɗaya ya ishe ni a gida."

Dillali ya kashe motar.

Motocin da bakanike ya ware suna can ƙarshen layi. Ɗaya ƙarama ce ruwan toka, tsaf da ita, ba ta da shan mai. Ɗayar mai dogon baya ce, ruwan ƙasa, fentin rufinta ya koɗe, ga lotsawa a ƙofar baya. Amma ƙofofinta na da faɗi, kujerunta a sama suke, mutum zai zauna ba sai ya durƙusa ba, kuma kujerun baya suna kwanciya. Ta fi ƙaramar shan fetur, tayoyinta ma sun fi tsada. Wannan ce Malama ta zo ɗauka.

Tsoho ya zagaya ta da sandarsa ya ce wannan ai motar kai kaji kasuwa ce, ko a mafarki aka gan shi a ciki sai ya yi sadaka. Ta ce masa daidai ke nan, tunda tsohon zakaran da ya daina cara za ta riƙa ɗauka. Ya ce launinta kamar an kwaɓa ta a bakin rijiya. Ta ce don ta dace da haƙoransa ne, waɗanda suka rage.

Daga nan ya juya ga dillali ya fara tambaya, kuma muryarsa ta sauya. Wacce ce ba ta cin mai? Wacce ce in taya ta fashe mace za ta iya canjawa ita kaɗai a kan hanya? Wacce za ta yi shekaru ba a buɗe injinta ba? In an tashi sayarwa, wacce ake saurin ɗauka? Dillali ya ce gaskiya duk biyun lafiyarsu ƙalau, amma ga mai albashi da ke zuwa aiki kullum, ƙaramar ta fi sauƙin riƙo.

"Kin ji. Ƙaramar za ki saya."

"Ba za ka iya shiga ba."

"Ni? Na shiga ƙarƙashin gadajen da suka fi wannan matsi."

Kafin ta tare shi ya buɗe ƙofar gaba ya juya baya ya saki jiki. Kujerar tana ƙasa sosai, ya faɗa cikinta da nauyi har motar ta girgiza. Ya cusa ƙafa ɗaya da ƙyar, ɗayar ta ƙi lanƙwasuwa, ta tokare a bakin ƙofa, silifas ɗin ya faɗi ƙasa. Ya yunƙura zai fito, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, numfashinsa ya fara fita da ƙara, gumi ya keto masa a goshi. Dillali ya kai hannu zai jawo shi ta hagu, ta daka masa tsawa ya saki. Ta roƙe shi ya kawo ruwa, ya tafi da sauri.

Ta tsuguna a bakin ƙofar ta ɗora kumburarriyar ƙafar a kan cinyarta, tana jira numfashin ya daidaita. Inda yatsunta suka danna ya lotsa bai taso ba.

"Ka ga abin da nake gaya maka."

"Na gani." Sannan ya ce, "Amarya, kin ɗauka labulen nan na asibiti yana tare magana? Na ji abin da likita ya gaya miki a kan zuciyata. Idona ne kawai a rufe."

Ba ta ɗago ba. Likitan ya ce mata zuciyar ta raunana, wankin ba zai daɗe yana riƙe shi ba, su shirya. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da zuwa kowace safiya da tsiyarta kamar yadda ta saba.

"Filin ubanki ne," in ji shi. "Kada ki zuba shi a kan mutumin da ke bakin ƙofa. Ni 'yan watanni ne. Ke kuwa kullum sai kin je makaranta, kullum sai kin sha mai. Ki sayi wadda za ki iya ciyarwa bayan ba ni."

"Ka gama?"

"Ban gama ba, numfashi ne ya ƙare."

"To saurara. Ko wata ɗaya ya rage maka, a zaune za ka yi shi kamar mutum, ba a naɗe kamar tabarma ba." Ta gyara masa ƙafar wando. "Kuma ka manta ranar da Babana ya rasu? Ni ban manta ba. Motar asibiti ta lalace. Kai kana wannan gefen titi, ni ina wancan, muna roƙon direbobi, shi yana kwance a baranda an rufe shi da zanen gado. Duk wanda ya ji gawa ce sai ya ja motarsa. Ba zan sake tsayawa a titin nan ba, Tsoho. Ranar da za a sallamo ka a miƙe, ni zan kawo ka gida da kaina."

Dillali ya dawo da ruwa, ya ji ƙarshen maganar, ya tsaya daga nesa da robar a hannu. Tsohon ya daɗe yana kallon motar mai dogon baya ta cikin gilashi. Can ya share ido da bakin hula, ya mayar da ita kansa.

"Wa ya ce miki zan shiga bayanta? Ni dogo ne."

"Na auna."

"Kin auna motar?"

"Na auna ku duka biyu. Kai kana barcin rana, da tef ɗinka na shago."

"Nawa kika samu?"

"Ba yawa. Ashe duk hula ce."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, ta koma tari. Ta ba shi ruwa kaɗan, don an hana shi sha da yawa. Sannan ita da dillali suka tallafe shi ta ƙugu da kafaɗar dama, suka zaro shi daga ƙaramar motar da ƙyar. Ta sa masa silifas ɗinsa.

Da ya tsaya da ƙafafunsa sai ya ce shi bai yarda da awon malaman makaranta ba, kafinta ba ya karɓar aiki sai ya gwada. A kwantar da kujerun. Dillali ya ce haba Baba, ana fatan alheri, wannan ba abin gwadawa ba ne. Tsoho ya ce masa in yana son ciniki ya buɗe but, ƙofar bayan motar. Mutumin ya dubi Malama, ta gyaɗa kai. Aka kwantar da kujerun, ta shimfiɗa mayafinta, ya zauna a bakin but ɗin ba tare da wahala ba, ta ɗaga masa ƙafafu, ya ja jiki ya miƙe sambal, ya haɗa hannuwa a kan ƙirji yana kallon rufi. Akwai sauran wuri a ƙasan ƙafarsa. Ta juya musu baya kamar tana duba taya, ta daɗe a haka.

"Amarya."

"Na'am."

"Kin ci. Sayi motar kajin."

"Da ma ba shawararka nake jira ba."

"Amma ki sa mini matashi, ƙarfen nan yana taɓa ƙeya. Kuma na san tuƙinki. Ki riƙa kauce wa ramuka, ba na son jijjiga."

Ta juyo, idanunta jajur. "A ranar ai ba za ka yi ƙorafi ba."

"Shi ya sa nake yi tun yanzu," in ji shi, ya yi dariya har cikinsa na motsi, ya miƙo mata hannun dama ta tashe shi zaune.