Sanarwar Rasuwar Ɗan Kuwait, Injin Sharar Gidan Ummu Magdi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba za a ɓoye ba, Fathiyya Ummu Magdi ta hawa na huɗu, unguwar Muharram Bek a nan birnin Iskandariyya na ƙasar Masar, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar injin shararta, wanda duk ginin nan ya sani da Ɗan Kuwait. Ya cika ranar Litinin bayan la'asar, a tsakiyar falon baƙi, yana bakin aikinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai cewa ba a faɗin haka a kan inji ya je ya tambayi malam. Ko fitila ce ta mutu maka, ana faɗa.

Ya rasu yana da shekara talatin da bakwai. Maigidanta Abu Magdi ne ya zo da shi shekarar da ya gama aikin famfo a Kuwait, tare da bargo biyu da rediyo. Barguna sun yage, rediyo ya yi shiru, shi kansa Abu Magdi yanzu sai an yi masa magana sau biyu yake ji. Marigayi kuwa bai taɓa kwanciya ciwo ba ko na yini ɗaya.

Jar ganga ce ta ƙarfe, mai nauyi kamar tulun gas. Igiyarsa tana kaiwa daga kicin har baranda ba a canza masa soket ba. Jakarsa ta yadi ce, a zazzage, a wanke, a shanya, a mayar. Ba ya neman komai a wurin kowa sai wuta. Idan ya buɗe murya ya ce "huuuuum", kyanwoyin gidan biyu, Mishmish ja da Basbusa fara, sai kan kwaba, maƙwabta kuma su san yau Alhamis ce. Idan ya haɗiye fil ɗin gashi sai ya ce "ƙararas", ya ci gaba da abin da ke gabansa. Shekara goma sha ɗaya yana cire gashin kyanwa daga kafet da kujeru masu ruwan zinare, baƙo bai taɓa tashi daga falon nan yana kakkaɓe bayansa ba.

Ya rasu ya bar magada uku, kuma da a ce gadon aiki ake rabawa, babu wanda zai tashi da ko cokali.

Na farko wani faifai ne mai yawo da kansa, wanda ɗanta Magdi ya aiko daga Dubai. A gida ana ce masa Basha, wato mai sarauta, don ba ya fara aiki sai an yi masa aiki. Sai an ɗage kujeru, an naɗe gezar kafet, an kwashe takalma, sannan ya fito yana karo da bango kamar makahon da ya rasa sanda. In ya maƙale sai ya kama kuka da Turanci, da muryar mace. Mishmish ta mayar da shi jaki, tana zaune a kansa tana zubar da sabon gashi a inda ya share. Ya taɓa cin carbi. Ya taɓa tunkuyin Abu Magdi yana cikin sujada.

Ta biyu wata siririyar sanda ce marar igiya, kyautar surukinta Injiniya Wa'il, mijin 'yarta Nermin. Tana shan wuta awa huɗu, ta yi aiki kafin shayi ya tafasa, ta suma. Cikinta bai kai kofin shayi ba. Gashin Basbusa na kujera ɗaya ya ishe ta ta shaƙe, sai an zauna da almakashi ana yi mata tiyata. A hoton kwali dai kyakkyawa ce, an ɗauke ta tare da wani kare da ko gashi ba shi da shi.

Ta uku tsintsiya ce. Ita baiwar Allah ba ta yi wa kowa ƙarya ba, amma gashin kyanwa ba ya jin tsoronta. Ta tashe shi sama, ya zagaya, ya sauko cikin miya.

Ga yadda ajali ya zo. Nermin ta haihu, ta dawo gidan uwarta yin arba'in kamar yadda kowace 'ya mai uwa take yi. Ranar Litinin aka yi bikin kwana bakwai na jaririya Rudaina. Aka sa ta a rariya, aka buga turmin tagulla, uwarta ta tsallake ta sau bakwai, yara suka zagaya da kyandir. Ummu Magdi ta watsa gishiri da hatsi iri bakwai tun daga ƙofa har baranda. Ta san tsari na Allah ne, amma uwarta ta watsa, kakarta ta watsa, ba a kanta za a daina ba. Ana cikin hayaniya wani ya yi tuntuɓe da tiren da aka ɗora tulun ado da ake ajiye wa jaririya ranar bikin, ruwa da jiƙaƙƙen wake suka malale a kafet.

Baƙi na watsewa sai Wa'il ya naɗe hannun riga. Mutumin da tunda ya shigo dangin nan bai taɓa ɗaga kofin da ya sha shayi ba.

"Mama, ki zauna ki huta, yau ni zan share."

"Injiniya, ƙasan nan jiƙe yake. Bari ya bushe."

"Haba Mama, inji ai inji ne. Shekara biyar na yi ina karanta su."

"To shi wannan shekara talatin da bakwai ya yi yana karanta gidan nan. Ajiye shi."

Kafin ta dawo daga kai turmi kicin, ya kunna. Marigayi bai san gardama ba. Ya sha ruwa, ya sha gishiri, ya haɗiye wake da guntun kyandir. Aka ji "huuum", aka ji "gurgur-gurgur", ya yi tari biyu, "kyak, kyak", sai wani dogon "fuuuu" da warin ƙonannen roba. Shi ke nan. Kalamansa na ƙarshe ke nan.

Aka sauke shi wurin Usta Gabir mai gyara na bakin layi. Ya buɗe cikinsa, ya ɗebo wake cike da hannu, ya girgiza kai.

"Ummu Magdi, wannan ba gyara yake so ba, sai haƙuri."

"Babu kayansa a kasuwa?"

"Wanda ya ƙera shi ma ya daɗe a kabari. Wane marar imani ne ya shayar da shi?"

"Injiniya ne."

"Na ce ko."

Da abin ya tsaya nan, da an yafe. Amma washegari shi wannan Injiniyan ya tsinci silin gashi ɗaya, ja, a bargon jaririya. Ya ɗaga shi a taga kamar mai kawo shaida kotu. Ya ce ranar Juma'a mahaifiyarsa Madam Suzan za ta zo. In ta ga gashi, ɗayan biyu: ko a fitar da kyanwoyi titi, ko Nermin da jaririya su koma gidanta a unguwar Agami su ƙarasa arba'in a can. Nermin ta fashe da kuka. Abu Magdi ya ce, "Me ya ce?"

To a sani. Ummu Magdi ba za ta jefar da Mishmish, baiwar Allah mai shekara goma sha ɗaya, wadda rabin haƙoranta sun zube, a titi ba. An faɗa mana mace ta shiga wuta a kan kyanwa, ita kuwa ba za ta bi ta ba saboda suruki. Kuma ba za ta tsaya tana kallo a ɗauke mata 'ya da ɗanyen jego a kai wa matar da kunun masu jegonta kamar ruwan wanke kwano yake ba. Kwana biyu ke nan tana durƙushe tana tsince kafet da jiƙaƙƙen soso. Gwiwoyinta sun kumbura, gashi kuwa kamar ana shuka shi.

Jana'iza ranar Alhamis bayan azahar. Ba za a yi masa salla ba, ba hauka aka yi ba. Idan mai sayen tsofaffin kaya ya shigo layi da amalankensa yana "Bikiya! Bikiya!", za a ɗaure marigayi da igiyar kwandon da ake zurawa daga baranda a ɗauko cefane, a zura shi a hankali. Ana roƙon masu shanya su kwashe. In mutumin ya miƙo robar wanki a madadinsa ba za a karɓa ba, ba a musayar talatin da bakwai da roba.

Za a zauna karɓar gaisuwa a falo har magariba. Akwai gahawa marar sukari. Mata kada su sa baƙaƙen kaya, don babu mai cire musu abin da za su kwasa. Injiniya an ɗauke masa zuwa.

Sauran magana ɗaya, ta Sabah Ummu Isam ce ta hawa na uku. Kowa ya san mijinta tare suka dawo daga Kuwait da Abu Magdi, kuma ɗan'uwan marigayi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kan kwabarta cikin kwali, ko ledarsa ba a cire ba. Kowa kuma ya san shekara uku ba sa gaisawa, tun ranar da Basbusa ta sauka barandarta ta cinye mata kanari. Ranar Ummu Magdi ta ce ai tsuntsu ne kawai. Bai kamata ta faɗa ba. Tsuntsu ma rai ne, kuma yana da murya mai daɗi. Ga shi ta rubuta a bakin matakala, kowa ya karanta.

Ummu Isam, 'yar'uwa, jibi ne Juma'a. Hannun namiji ba zai taɓa shi ba, an yi alkawari. Za ki ara mata shi, ko zuwa arba'in?