Usuman Meksiko da Koren Dutsen Olmek

"Kafin watan nan ya mutu sai an rubuta sunana a gidan tarihin nan, a jikin gilashi, kusa da dutsen. Husaini, rubuta ka ajiye."

Usuman Meksiko ke nan, a kan bencin shagona na ɗinki a unguwar Ruwais, nan Jidda, yana kurɓar shayin da ba shi ya saya ba. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Usuman haifaffen Port Sudan ne, bai taɓa wuce garin ba ta yamma. Shekara goma sha biyu ya yi yana gadin sito a tashar jiragen ruwa, sai wata rana wani matuƙin jirgi ɗan Meksiko ya ba shi malafa mai faɗin faifai. Tun daga ranar babu abin da bai sani ba game da ƙasar, har sunan kajinsu.

To, sito ya rufe. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya ce halas, shi ke nan, ya nemi wani, ga iƙama, takardar zama, saura kwana goma sha biyu ta mutu. In ba a samu mai ɗaukarsa ba, sai jirgi, ya bar mata da 'ya'ya uku a nan. Wannan kam ba abin dariya ba ne, ni kaina na tausaya masa.

Matarsa Bashira tana shara a wani tsohon gida a Balad, cikin tsohon gari, wanda wata Ustaza Hind ta mayar ɗan gidan tarihi. An kawo mata kayan ado na wasu mutanen da, ana ce musu Olmek, waɗanda suka zauna a ƙasar Meksiko shekara dubu uku baya. Duk na koren dutse ne, wanda Larabawa ke kira yashm. Ustaza tana neman mai Hausa da zai riƙa yi wa 'yan Umara bayani, da albashi, da kafala. Bashira ce ta roƙa masa a gwada shi.

Wata biyu baiwar Allah ta yi tana goge gilashi tana sauraron bayanin Ustaza, komai ya zauna mata daram. Ana gobe gwaji ta biyo shi har shagona da la'asar, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Bilal, zauna in faɗa maka abin da na ji. Su fa dutsen nan ba kwalliya kawai ba ne a wurinsu. Korensa na ganyen masara ne, da ruwa, da numfashi. Ita kuma 'yar ƙwayar nan mai kamar gurjiya, ana sa ta ne a bakin..."

"Halas, na gane. A baki."

"Ban gama ba."

"Ummu Bilal, tsintsiya aka ba ki ko allo? Ni da na ci abinci kwano ɗaya da mutanen ƙasar?"

Ta dube ni, na dubi keken ɗinkina. Ta gyara mayafi ta tafi.

Washegari da hantsi na rufe shago na bi shi, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Gogan naka ya sha farar jallabiya, ya ɗora malafar nan, sai da ya karkata kai kafin ya shiga ƙofa. A ciki ga Ustaza Hind, ga Mazen mai gadin gidan, ƙato mai gemu wanda bai cika magana ba, ga wasu alhazai shida daga Zariya da aka gayyato su zama 'yan kallo. Bashira tana can gefe da tsummanta.

Ustaza ta ɗora tire a kan tebur, abu uku a kai. Ta miƙa masa farar safar hannu, ta ce da Larabci ya yi wa baƙi bayani.

Na farko wani zobe ne mai buɗaɗɗen baki. Usuman ya yi gyaran murya.

"Alhazai, wannan bakin algaita ne. Sarkin Olmek in zai fita, da shi ake yi masa busa. Na ji sautinsa da kunnena a jirgi."

"Na kunne ne," in ji Bashira ƙasa-ƙasa. "Huda kunne suke yi su faɗaɗa, manyansu su sa."

"Abin da na ce ke nan. Da kunne ake jin sa."

Na biyu abin wuya ne, an sassaƙa masa fuska mai turɓunannen baki, ga tsaga a tsakiyar kai. Usuman ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai har malafa ta kusa kwashe hular wani alhaji.

"Kash. Wannan a hanya ya fashe. Aikin 'yan dako ne, na san hannunsu. Da ta sitona ya biyo da ba a yi haka ba."

Wani tsoho cikin alhazan ya ce, "To Malam, ya aka yi fashewar ta yi sumul haka?"

Bashira ta kasa haƙuri. "Da gangan suka yi ta, Baba. Masana sun ce ta nan masara ke tsirowa, kamar yadda take keta ƙasa."

Usuman ya juya ya harare ta, ya ce da Hausa, yana murmushi don Ustaza ta zaci yabo ne, "Ke, rufa mini baki. Ita kanta matar nan gadon kuɗi ta yi, ba ta san komai ba. Ko tukunya na ce mata jirgi ce za ta yarda."

Ustaza Hind ta gyara tabarau.

"Ina ji, ya ammi," ta ce da Hausa mai ɗan nauyi. "Kakata Bakatsiniya ce, da ƙafa ta zo hajji. Magana tana mini wuya, amma ji, kullu, duka ina ji. Yalla, saura ɗaya."

Ɗan'uwa, da ni ne da nan na nemi takalmina. Amma Usuman irin mutanen nan ne da in suka zame sai su ce rawa suke yi. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin malafa, ya ga abu ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda yake ganin ya sani. Ya ɗauki 'yar ƙwayar da yatsa biyu ya ɗaga sama.

"Wannan kuwa sirri ne, ba kowa aka faɗa wa ba. Manyan masu ilimi ke sa ta a baki in za su yi jawabi, don magana ta fito da nauyi. Bari ku gani."

Kafin Mazen ya taka ɗaya, gogan ya jefa ta a baki, ya kumbura kunci, ya buɗe hannuwa.

"Abu Bilal, a bakin gawa ake sa ta!" in ji Bashira.

Muka ji ƙwat. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

Usuman ya buɗe baki ya zaro harshe, babu komai a kai sai ragowar ganyen shayina.

"Gawa?" ya ce da wata siririyar murya.

"Gawa," in ji Bashira. "A yankin nasu, babba in ya mutu akan sa masa irinta, wai ta riƙe numfashinsa. Shi nake ta son faɗa maka jiya."

Tsohon alhajin ya ce, "To ai kuwa ta riƙe. Ku duba, ya daina magana."

A asibiti aka ɗauki hoton cikinsa, ga ta nan zaune lafiya lau. Likita ya ce ba sai an yanka ba, a jira. Ustaza ta ce ta yarda, amma dutsen amana ne a hannunta, ba zai kwana inda ba mai gadi ba. Haka aka shimfiɗa wa Usuman katifa a ɗakin ajiyar gidan tarihi. Bashira tana dafo masa filasko safe da yamma, Mazen kuma ya kafa kujera a ƙofar banɗaki da rariya a hannu. Duk sanda Usuman ya fito, sai Mazen ya ɗaga gira, shi kuma ya girgiza kai. A rana ta uku muka ji Mazen ya yi hamdala da ƙarfi, karo na farko da na ji muryarsa.

Aikin bayani dai Bashira aka ba. Ita ta sake roƙa masa, Ustaza ta karɓi kafalarsa saura kwana biyu iƙama ta mutu, aka miƙa masa tsintsiyar da matarsa ta ajiye, bisa sharaɗin kada ya matso kusa da gilashi da baki a buɗe.

Sai dai gidan tarihi yana da ƙa'ida: duk inda abu ya taɓa zama, dole a rubuta a katinsa, ba a tsallake ko ɗaya. Ranar nan na leƙa, na tarar da Bashira da wasu alhazai a gaban gilashin, tana karanta musu.

"An same shi a kudancin Meksiko. Ya zauna a hannun wani mai tara kayan tarihi shekara arba'in. Ya iso Jidda bara. Sai kuma Usuman, kwana uku."

Wata hajiya ta ce, "Usuman kuma wane gari ne?"

Bashira ta nuna bayanta da haɓa. "Ga shi can yana shara, Hajiya. Amma an rufe shi, ba a shiga."